Ranar da Kaka Ta Miƙa Mini Maburgi

A unguwar Ainu Shams aka haife ni, a can saman wani dogon bene, cikin ɗakuna biyu da aka gina a kan rufi kusa da tankunan ruwa. Haya ta fi sauƙi a can, don zafi da sanyi duk mu suke fara samu kafin su sauka ga sauran mutanen gidan. Amma ni da ƙanena Mu'azu ba mu taɓa ganin aibin wurin ba. Muna da filin wasa da babu wanda yake da irinsa, muna hango jirgin ƙasa na metro yana ratsa unguwa, kuma muna da Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce. A Sudan aka haife ta, a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen kogi, inda kakanninta suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka, zaman ya zarce har ya zama gida. Yaran Sudaniyawa na unguwarmu kan ce mata Habboba, wato kaka da Larabcinsu, ta amsa musu da fara'a, amma mu idan muka gwada sai ta harare mu. "Kaka nake," in ji ta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara.

Idan sanyi ya shigo, bayan an yi magariba an ci abinci, takan sa a hura gawayi a kanun, ɗan murhun ƙarfen da ta taho da shi tun daga Sudan. Mu zauna a tabarma mun lulluɓa da bargo ɗaya, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunne, ta miƙa tafukanta ga wuta. Sai ta ce, "Ku kawo kunnuwan nan in duba, ko suna yoyo?"

Mu kama kunnuwanmu mu ce, "Ba sa yoyo, Kaka, zuba!"

Labaranta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta bayar da shi sai a jajibirin Sallah, lokacin da take haɗa madarar ƙwai. A Khartum ta fara ganin wannan abin sha, tana budurwa tana aiki a gidan wasu Girkawa. Su a bikinsu na ƙarshen shekara suke yinsa, har su tsiyaya giya a ciki. Kaka ta ce a'uzu billahi, ta watsar da giyar, ta sa citta da kanumfari a madadinta, ta mai da shi abin Sallarmu. Duk shekara ita kaɗai take yi. Ko Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa mata tukunya.

Shekarar da nake son in ba da labarinta, ban fi shekara goma sha ɗaya ba. Azumi ya faɗo tsakiyar sanyi. A cikinsa Inna ta haihu, jaririn bai kwana ba ya koma. Aka sallamo ta daga asibiti ta zubar da jini da yawa, likita ya ce magani kaɗai ba zai tashe ta ba, sai ta ci abinci. Ita kuwa ta juya fuskarta bango. A kawo miya ta ce an jima, a kawo shayi ya huce a gefenta. Baba ya lallashe ta har ya gaji, yakan fita ya je ya tsaya a bakin tanki. Ina ganin wuyan hannunta yana ƙanƙancewa, har awarwaronta ya fara zamewa da kansa.

Ita ma Kaka a wannan shekarar hannunta ya soma rawa, ko kofi ba ta iya riƙewa sai da hannu biyu. Na ɗauka bana babu madarar ƙwai. Amma ranar ƙarshe ta azumi, da la'asar, sai ta aike ni in tare mai madara, wanda yake yawo a keke da manyan gwangwanaye, in karɓo madarar jamusa, wato ɓaunar gida, mai maiƙo. Daga nan in biya wurin attar, mai sai da kayan ƙamshi, in sayo kirfa da gyaɗar ƙamshi. Ƙwai kuwa maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa, Umm Mina, ta aiko da su. Kirista ce Bakibɗiya, tana kiwon kaji a barandarta, kuma su ma a lokacin suna nasu azumin da ba sa taɓa ƙwai ko madara sai ranar bikinsu.

Da aka sha ruwa, Baba ya tafi masallaci, gawayi ya yi ja, sai Kaka ta ɗauki maburginta ta miƙo mini.

"Takwara, bana ke ce."

Na ce, "Kaka, idan ya lalace fa? Ƙwan ke nan, babu wasu."

"To kada ya lalace mana. Yalla, wanke hannu."

Ta sa na fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ina juya gwaiduwar tsakanin ɓawo biyu har farin ya tsiyaye. Na zuba sukari a kan gwaiduwar ina burgawa, hannuna ya gaji, ta ce ban yi komai ba tukuna, sai launin ya koma kamar na man shanu. Madara kuma tana kan wuta da kirfa da kanumfari da 'yar citta. Ta ce in zuba mata ido, da zarar gefen tukunya ya fara ƙananan ƙwayoyi in sauke, kada in bari ta tafasa. Muna cikin wannan jira ta duba kunnuwanmu kamar kullum, ta fara.

Wai a wani gari can gefen daji an yi wata mata da ta kwanta ciwo, bakinta ya ƙi karɓar komai. Wani tsoho mai wucewa ya ce maganinta abu biyu ne a haɗe: nonon jar saniyar da ke kan dutse, wanda yake fitowa da zafi kamar daga kan murhu, da ƙwan zabuwar da ke gindin dutsen. Matsalar ita ce saniya da zabuwa ba sa ga maciji, tun ranar da saniya ta taka sheƙar zabuwa ba ta ce sannu ba. Gabar ta shiga har cikin nono da ƙwai.

Babban ɗan matar ya je ya samo duka biyun. Don gaggawa ya juye nonon gaba ɗaya a kan ƙwan, nan take suka kama kokawa a cikin ƙwarya, suka dunƙule suka zama tsakuwa. Na biyun ya ji tsoro, ya ajiye nonon a gefe wai sai ya huce, kafin ya waiwaya ya yi tsami. Saura 'yar autarsu, wadda babu wanda ya aika. Ta tashi da kanta ta je ta durƙusa ta gai da saniya, ta gangaro ta gai da zabuwa. Zabuwa ta ba ta ƙwai tana cewa, "'Ya'yana ba su taɓa ganin wuta ba. Idan za ki haɗa su da na waccan, ki yi musu sallama tukuna."

Daidai nan Kaka ta taɓa gwiwata. "Sauke tukunyar. Ɗebo rabin ludayi. Zuba siriri, hannunki na dama kada ya tsaya."

Sai ta canza murya, ta koma ta 'yar auta: "Salamu alaikum ƙwai, ga baƙo na kawo muku. Ba da faɗa ya zo ba."

Na tsiyaya madarar ina burgawa. Mu'azu ya leƙo yana amsawa a madadin ƙwan, "Wa alaikumus salam, ya shigo!" Haka muka yi ta yi, ludayi bayan ludayi, kowanne da sallamarsa, har kwanon ya ɗumama a tafina. Sannan ta sa na mayar da shi duka cikin tukunya, a kan wutar da ta sa Mu'azu ya rage wa gawayi.

Ana nan sai iska ta taso daga bayan tankuna ta hura garwashin, wuta ta yi ƙarfi. Na ga wasu 'yan gudaji sun fara tasowa a gefe. Na ce, "Kaka, ya tsinke!" Muryata har ta sarƙe.

Ko gezau ba ta yi ba. "Bai tsinke ba, gardama suke yi. Ɗaga ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan can. Burga da ƙarfi. Ƙara. Ma'alish, ba komai, haka sulhu yake, sai an ɗan ɗaga murya."

Na burga har kafaɗata ta yi zafi. Gudajin suka narke, 'yan kaɗan da suka rage rariya ta tare su. Kaka ta tsoma ludayi ta ɗago, ta ja yatsa a bayansa, layin ya tsaya bai haɗe ba. Ta lasa, ta ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Ban taɓa jin ta ce wa girkin wani tamam ba, ko na Inna.

Ta ƙarasa labarin a gurguje: 'yar auta ta kai wa uwarta, uwar ta sha ta miƙe, saniya da zabuwa kuma har yau a makiyaya ɗaya suke kiwo. "Nan na ajiye shi, mai so ya ɗauka," in ji ta. Ta gurza gyaɗar ƙamshi a kan kofi ɗaya mai ɗumi, ta ce, "Sauran a rufe a bar wa sanyi ya yi aikinsa kafin safe. Wannan kuma kai wa uwarki. Ke za ki kai."

Na shiga ɗakin ina riƙe da kofin da hannu biyu. Inna tana kwance yadda na saba ganinta. Na ce, "Inna, ni na yi. Kaka ba ta taɓa ba." Ta juyo ta dubi kofin. Can sai ta dafa katifa ta tashi zaune, ta karɓa, ta kurɓa, ta rufe ido. Ta sake kurɓa. Ina tsaye har ta ga ƙasan kofin. Ta miƙo mini ta ce, "Gobe ki ajiye mini wani."

Na fito da kofin a kife don su gani. Mu'azu ya yi tsalle, Kaka kuwa ta juya tana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

Washegari bayan an sauko daga idi, rufinmu ya cika da baƙi, 'yan uwa daga unguwar Hadayek el-Maadi da ɗaliban Najeriya abokan Baba daga unguwar Abbasiya. Duk wanda ya yaba madarar, Kaka sai ta nuna ni da haɓa: "Ba ni ba ce, Takwara ce. Da hannunta, daga fasa ƙwai har tacewa." Ta faɗa ta maimaita har na rasa inda zan sa fuskata, amma a cikina ji nake kamar na ƙara tsawo. A makon ne su Umm Mina ma suka fita daga azuminsu, aka aike ni da jug guda. Ta sha a tsaye a bakin ƙofa, ta kama kumatuna ta ce, "Tislam idik," wato Allah ya kiyaye wannan hannu. Ta cika mini faranti da kahak, cincin ɗinsu na biki mai garin sukari. Kafin sanyin ya wuce, Inna ta fara fitowa shan hantsi.

Na yi shekaru ina ɗauka darasin labarin nan haƙuri ne kawai, a bi abu a hankali. Sai bayan rasuwar Kaka, na yi aure har ina da tawa 'yar, muna hira da Inna wata jajibirin Sallah ina burga gwaiduwa, ta yi dariya ta ce, "Kin san ranar nan ƙarnin ƙwan har tayar mini da zuciya yake yi?"

Na saki maburgin ina kallonta.

Ta ce tagar ɗakin a buɗe take, ta ji komai. A sauran shekaru, in ji ta, sarki ne yake rashin lafiya a labarin, ba uwar kowa ba, ni ce ban lura ba. Kuma Kaka ba ta taɓa ɗaga murya wajen ba da labari kamar ranar ba. "Da na ji kin ce ya tsinke, muryarki tana rawa, sai na ce a raina, yarinyar nan ita za a bar wa gidan nan ke nan? Na binne ɗaya, ga biyu a waje suna yi wa ƙwai sallama saboda ni. Ko ɗaci ne da shi kamar maɗaci sai na shanye."

Tun daga ranar nake kallon abin daban. Kaka ba ta shiga ɗakin ta yi wa surukarta wa'azi ba, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, don an riga an faɗa mata hakan har ta daina ji. Ta zauna a waje ne ta bar ta ta saurari 'ya'yanta. Ni kuma ta ba ni aiki na gaske, wanda zai iya lalacewa a hannuna, a lokacin da kowa yake ce mini in je in yi wasa. Ina alfahari da yarinyar da ta riƙe tukunyar nan ba ta saki ba. Amma na fi alfahari da cewa daga waɗannan mata biyu na fito: ɗaya ta san abin da za ta faɗa a bakin taga, ɗayar kuma ta ji, ta tashi zaune.