Tsohuwar da Na Bari a Bakin Get

A shekarun da mulkin farar hula ya dawo, Abuja tana cika tana batsewa, ni dillalin kayan gargajiya ne. Na fara da tallan jakunkunan fata a bakin wani otal, har Allah ya ba ni shago da mota, na gina gidana a Masaka. Ba na jin kunyar cewa na iya ciniki. Idan baƙo ya shigo shagona, kafin mu gama gaisawa na san abin da zai saya da inda zai tsaya. Edita, ina so a buga wannan labari ba tare da sunan kowa ba, domin ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa tana raye, kuma na riga na jawo mata maganar mutane fiye da kima.

Abin da ya ɗaga ni a sana'a shi ne tukwanen wasu tsofaffi biyu 'yan Gbagyi a Ushafa, ƙawaye tun suna 'yan mata, gidajensu katanga ɗaya. Babbar ita ke gini. A sunkuye take zagaya yumɓu tana ɗaga shi da hannu har ya zama randa, shekara da shekaru, har bayanta ya lanƙwashe. Ba ta da yawan magana, Hausarta ma kaɗan ce, kuma ba ta son hoto. Ƙaramar ita ke zane. Tun tukunya ba ta gama bushewa ba za ta zauna da tsinke ta fitar da ƙadangare da kifi da kada a jikinta. Ita ce mai barkwanci, angona take ce mini, kullum tana ƙorafin na auri mota na bar ta. Tare suke gasa tukwanen, tare suke yayyafa musu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, kuma ban taɓa jin ɗaya ta ce wannan tukunyar tawa ce ba. Ni kuma in kwasa in kai gidajen Maitama da ofisoshin jakadanci.

Abin da ya kai ni makaranta haushi ne. Otal-otal da ma'aikatu suna ta ba da kwangilar ƙawata gine-gine, amma yara masu takardu ke samu, su zo su saya a wurina, a kira su masana, ni a kira ni mai kawo kaya. Da ma ina da digiri na farko da na lallaɓa na yi a karatun ƙarshen mako. Da na ji wata jami'a ta buɗe digiri na biyu a fannin tafiyar da harkokin fasaha da al'adu, sai na nema. Ranar ganawa malamai suka tambaye ni abin da na sani game da fasaha, na ce musu gaskiya ban san tarihinta ba, amma na san wadda ake saya da wadda ke kwana a shago. Suka yi dariya. Wata Dakta a cikinsu ta ce irina suke nema, kuma ita ce ta zama mai duba aikina. Da na kai labari Ushafa, ƙaramar ta ce da furfura a gemu zan je in zauna a benci, in an yi mini bulala kada in zo mata da kuka.

Na ji daɗin karatun, ba zan ɓoye ba. 'Yan ajinmu yawanci ma'aikatan gwamnati ne da 'ya'yan manya, Oga Dila suke kirana, da farko don tsokana, daga baya don girmamawa, saboda abin da suke karantawa a littafi ni na yi shi da hannuna. Na koyi yadda ake tsara baje koli, yadda ake haska kaya da fitila, yadda ake neman masu ɗaukar nauyi. Darasi ɗaya ne ya shige ni fiye da sauran: tukunyar da ba ta da sunan mai yi kayan kasuwa ce, wadda ke da suna da fuska da labari kuwa aikin fasaha ce, darajarsu ba ɗaya ba. Na ji wannan da kunnen ɗan kasuwa.

Aikin kammalawa shi ne kowa ya shirya baje koli na gaske, malamai su zo su gani su ba da maki. Na zaɓi tukwanen Ushafa. Dakta ta tambaye ni wace ce mai aikin, ni kuma na ba ta suna ɗaya, na ƙaramar. Babu wanda ya tilasta mini. Da na ce su biyu ne, na tabbata da Dakta ta ce a rubuta biyu. Lissafi na yi: ƙaramar tana da fara'a, ta iya magana da baƙi, hoto yana karɓarta, kuma zanen shi ido ke fara gani. Labarin mace ɗaya mai baiwa ya fi saurin shiga kai. Na gaya wa kaina babbar ba ta damu da irin waɗannan abubuwa ba, kuma rabonta ba zai ragu ba. Na rubuta a kundina cewa hannu ɗaya ne ke ginawa yake zanawa. Su biyun kuma na ce musu taro ne na makaranta, mutum ɗaya ake bukata, ƙaramar za ta wakilce su. Babbar ta gyaɗa kai ta ci gaba da aikinta. A watannin nan ta gina randunan da ban taɓa ganin ta gina irinsu ba.

An buɗe baje kolin da la'asar a wani gida a Maitama mai bangon gilashi, daga zaure kana hango get. Na aika mota ta ɗauko ƙaramar, aka yi mata kwalliya, baƙi suka kewaye ta. Ina tsaye da Dakta da wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a don ya auna aikin, yana yi mini tambayoyi, sai na ɗaga kai na hango babbar a bakin get. Sabon zane ta ɗaura, da ɗankwali iri ɗaya. Ita kaɗai ta shiga motar haya daga Ushafa, matar da ko kasuwar Bwari ba ta cika zuwa ba. Maigadi yana nuna mata da hannu cewa sai da katin gayyata. Ba ta yi gardama ba, ta tsaya tana leƙen ciki. Na san idan na shigo da ita, ƙaramar za ta rungume ta ta gaya wa kowa ga mai ginin, farfesa kuma yana riƙe da kundin da na ce hannu ɗaya ne. Sai na gyara tsayuwa na juya wa gilashin baya, na ci gaba da amsa tambaya. Na amsa da kyau kuwa.

Da baƙi suka fara raguwa na fita, ba ta nan. Maigadin ya ce ta daɗe zaune a kan kwalbati, ya ba ta ruwa ta sha. Ya ce ba ta ambaci sunana ba, ba ta ce ita wace ce ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, ya leƙa ya duba mata ko an sa wa babbar randar gammo a ƙasa, don gindinta bai son siminti.

Na ci jarrabawa da yabo. Jaridu suka buga hoton ƙaramar, wani jikan babbar ya gani ya karanta wa gida. Na yi makonni ina ƙirƙiro wa kaina uzuri kafin na iya zuwa Ushafa, kuma kafin in je gari ya ɗauka. 'Ya'yan babbar sun ce an cinye wahalar uwarsu, sun hana ta sake gina wa kowa tukunya. Ƙaramar ta ji a bakin mutane cewa ƙawarta ta zo har get, ta yi rantsuwa ba ta sani ba, babu wanda ya yarda. Ranar da na je ba ta ce mini ango ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ka rubuta, ni ake zagi."

Na shiga wurin babbar na durƙusa, na ce Mama na yi kuskure. Na so ta yi mini faɗa, da na samu sauƙi. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi iyalina, sannan ta ce, "Ba komai, Alhaji. Na je in ga yadda randunan suka zauna ne a gidan manya." Na yi alkawarin gyara suna, na sake buga ɗan littafin baje kolin da sunayensu biyu, na je na gaya wa Dakta gaskiya. Dakta ta ce takardar makaranta ana iya gyara ta, sauran kuma ni na san inda zan kai shi. 'Ya'yan babbar ba su sauko ba. Da damina ta shigo babbar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Ranar zaman makoki 'ya'yanta suka tare ƙofa suka hana ƙaramar shiga, matar da suka tashi suna cin tuwo a ɗakinta. Ina wurin, na ga ta juya ta koma gida ita kaɗai.

Ƙaramar ba ta sake zane ba. Na kawo mata tukwanen wasu magina, ta shafa su ta ture. Ta ce ita tun ƙawarta tana zagaya yumɓu take ganin abin da za ta zana, waɗannan kuwa ba sa gaya mata komai. Har yau ana kirana daga ƙasashen waje ana neman aikinta da sunanta, in ce babu. Na samu kwangilolin da na shiga makaranta dominsu, yanzu ni ma masani ake ce mini. Amma duk taron da na je, ba na iya tsayawa na ba ƙofa baya. Ina cikin magana da manyan mutane sai in ji kamar akwai mai jira a waje, in waiwaya. Wani lokaci a cikin sallah ma sabon zanen nan yake faɗo mini, da yadda ta ɗaure shi don ta shiga cikin mutane.

Ban rubuto don in hana kowa karatu ba. Abin da aka koya mini gaskiya ne, suna yana ɗaga aiki. Ni ne na ɗauki ilimin na auna shi da mudun kasuwa, na manta cewa idan ka ɗaga suna ɗaya a inda mutum biyu suka yi aiki, ɗayan ka binne. Ina kira ga 'yan'uwana dillalai, da matasan da ke shiga wannan fanni suna zuwa ƙauyuka da kyamara: kafin ka rubuta sunan kowa a jikin kaya, zauna ka ga hannu nawa suka taɓa shi, ka tambayi masu shi yadda suke so a faɗa. Kada ka yanke wa mai shiru hukuncin cewa bai damu ba. Kuma idan gaskiya ta zo ta same ka a tsakiyar taro, ka fita ka tarye ta ko da makinka zai zube, domin maki ana sake nemansa. Ni na samu dama na nemi gafarar tsohuwar nan, ta kuma ce ba komai, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga randunanta a inda aka ajiye su ba.