Darasin da Na Kasa Janyewa

A lokacin ni matashi ne ɗan Jibiya, na gama karatun kwamfuta a Katsina na dawo gida babu aiki, sai na buɗe ɗan shagon cajin waya a bakin boda. Idan kasuwa ta lafa nakan ɗauki bidiyon darasi da Hausa kan yadda ake rubuta manhaja, in tura wa masu so a memori. Direbobin Maraɗi ne ke tsallakawa da shi, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Ba a jima ba aka fara ce mini Malam, ni kuwa kaina ya fara kumbura.

Ƙarshen kowane darasi nakan roƙi wanda ya ga gyara ya faɗa mini. To amma wa zai buɗe baki ya gyara wa malaminsa? Sai dai a ce mini Allah ya ƙara basira. Mutum ɗaya ne ya gwada, wani magidanci daga Nijar mai kula da kwamfutar wani ƙaramin asibiti. Ya zo shago ya rusuna, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce darasin goge bayanai ya fi ƙarfin kansa, ko Malam zai sake leƙa shi in ya samu sarari. Na ɗauka yabo ne. Na yi dariya, na ce ya maimaita kallo zai gane. Ashe bawan Allah kuskure ya hango, nauyina ya hana shi faɗa kai tsaye. Da ya ga ban damu ba, sai ya yarda shi ne bai fahimta ba.

A darasin na manta in rubuta sharaɗin da ke ware bayanan da za a goge daga sauran, duk wanda ya bi ni komai zai share. Haka ya bi ni a kwamfutar asibitin, bayanan marasa lafiya suka tafi ƙaf, aka sallame shi daga aiki. Wani direba ne ya kawo mini labarin. Innalillahi! A wannan lokacin an katse layukan waya a yankinmu, ban kuma san gidansa ba. Na ɗauki sabon bidiyo na gyara, na bi direbobi ina roƙo su kai shi duk inda tsohon ya je, suka ce su kansu ba su san inda ya tsaya ba. Daga baya mutumin ya aiko cewa a gai da Malam, kada in damu, ƙaddara ce. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ɗan'uwa mai koyarwa, in ɗalibi ya zo yana kewaye-kewaye, ajiye komai ka zaunar da shi, ka tambaye shi daidai inda ya tsaya, don a wajenmu haka gyara yake zuwa. Ɗalibi kuma, faɗin kuskure ba raini ba ne. Ni dai har yau darasin nan yana cikin wayoyin mutanen da ban sani ba, da muryata ina cewa su danna, babu matsala.