Wata Uku a Dandalin Kuɗi

Tambayar tsutsar masara sau goma sha ɗaya na amsa ta a damina ɗaya. Ni malamin gona ne a Faskari, kuma a lokacin ni ke kula da wani zaure da muka buɗe a waya domin manoma da masu kiwo na yankinmu, daga Ƙanƙara har Sabuwa. Tun da hanyoyinmu suka zama sai an tambayi labari kafin a hau su, mutane suka rage zuwa ofis, suka koma turo tambaya ta waya.

Zauren yana da amfani, sai dai yana da Juma'a. Daga asubar ranar har la'asar hotunan furanni da masallatai ne ke zuba, kowane da masu amsa masa da amin. Sauran ranaku kuma akwai ta'aziyya da barkar haihuwa. Amsar da ka rubuta da safe, kafin azahar ta nutse.

Wata Juma'a ragon wani mutumin Yargoje ya kumbura. Ya yi tambaya da hantsi, aka ba shi amsa ba da jimawa ba, furanni suka rufe ta. Ranar Asabar ya rubuto: "Na ga amsa, na gode. An riga an ci shi."

A ranar shugaban zauren ya kira ni. Alhaji ne, dillalin hatsi a kasuwar Ƙanƙara. Ya ce ya ji akwai wani abu a intanet da ake ce wa dandali, inda kowace tambaya take da ɗakinta, ta zauna a nan har mai nema ya zo.

"Ka bincika mana, Malam," ya ce. "Kai ne mai Turanci."

Na yi kwana huɗu ina bincike. Na tarar iri biyu ne. Akwai na kyauta, wanda za ka buɗe yau ka fara aiki, amma su liƙa maka talla, kuma in ya lalace kai da shi. Akwai na kuɗi, ana biya duk wata da dala, babu talla, yana karɓar saƙon murya, masu shi kuma su ne ke gyara.

Muka zauna ranar kasuwa a rumfar Alhaji, a kan buhuna. Mu uku ne a wurin: ni, da shi, da wani Malam limamin unguwa wanda ke noma waken suya. Ta huɗu Hajiya ce daga Sabuwa, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta koma kiwon awaki. Ita ta waya ta halarta, an jingine ta da tiya a kan buhun dawa.

Da na gama bayani Alhaji ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Su masu na kyautan, mi suke samu?"

Na ce talla.

"To su masu na kuɗin, nawa ne a buhu?"

Na yi lissafi a farashin ranar, na ce kusan rabin buhun masara duk wata. Ya dubi buhun da Malam ke zaune a kai, ya daɗe yana dubansa.

Hajiya ta ce daga kan dawa, "Ni tambayata ɗaya ce. In na kyautan ya lalace, wa za mu kira?"

Na ce ni.

"In na kuɗin ne?"

Na ce kamfanin, amma sai an rubuta masu wasiƙa da Turanci.

"Wa zai rubuta?"

Na ce ni.

"To na gane," ta ce.

Aka tsayar a fara gwada na kyauta. Na buɗe shi, na yi masa ɗakuna: na hatsi, na dabbobi, na taki, na farashin kasuwa. Na kuma rubuta doka a ƙofa da manyan baƙi, cewa nan ba a gaisuwa, ba a turo hoton Juma'a, tambaya kawai da amsa. A lokacin ina alfahari da wannan doka.

Makon farko ya tafi lafiya. A na biyu Malam ya buɗe bayani a kan zakkar amfanin gona, ya rubuta shi da kyau, da hujjojinsa. Washegari ya turo mini hoton shafin. A ƙarƙashin bayaninsa akwai tallar cacar ƙwallo, da wani saurayi yana dariya riƙe da kuɗi.

"Wanga daga gare ka yake?" ya tambaya.

Na ce a'a, daga gare su ne.

"Amma a gidanka yake."



Sai kuma baƙi suka fara shigowa, masu sunaye da ba na ƙasar nan ba, suna tallar maganin ramewa. Kafin in gano yadda ake korar su, Alhaji ya riga ya karya dokar ƙofa ya yi wa ɗaya maraba. Ya tambaye shi daga wace ƙaramar hukuma yake, kuma me yake nomawa. Da baƙon bai amsa ba, Alhaji ya ce mini mutumin ba shi da tarbiyya. Na ce ba mutum ba ne, na'ura ce. Ya ce to wanda ya haɗa ta.

Muka koma na kuɗin, wanda ke ba da mako biyu na gwaji, na kwaso ɗakunan da dokar ƙofa zuwa can. Gaskiya yana da kyau. Babu talla, babu baƙi. In ka rubuta "tsutsa" a wurin nema, amsa ta fito nan take. Alhaji ya gwada sau uku a gabana, sannan ya fita ya sanar da rabin kasuwa cewa zaurenmu yanzu yana da ofis a intanet, kuma na kuɗi ne. Bayan wannan sanarwa babu sauran shawara. Ya biya wata uku daga aljihunsa.

Abin da ya rage shi ne mutane. Mafi yawan 'yan zauren ba su rubutu, murya suke turowa. Kuma wanda ya fi kowa sanin dabba a cikinmu wani Baba ne a Tafoki, wanda in ya ji yadda saniya ke numfashi ta waya zai gaya maka abin da ta ci. In Baba bai shiga dandali ba, ɗakin dabbobi ɗaki ne kawai.

Na hau babur na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na buɗe masa shafin a wayarsa, na zaɓa masa kalmar sirri, na ce kada ya gaya wa kowa. Ya maimaita ta da ƙarfi sau biyu don kada ya manta, ya kuma sa maƙwabcinsa ya riƙe masa ita. Sannan na kunna masa wata tambaya da ta kwana uku tana jira, a kan tunkiya da ta daina kiwo.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Da wa yake magana?"

Na ce da duk wanda ya sani, Baba.

"Bai yi sallama ba."

Na yi masa bayanin dokar, da furanni, da ragon Yargoje. Ya ji ni da kyau, yana tufka.

"Ɗana," ya ce, "mutum ya shigo gidanka bai ce komai ba sai 'tunkiyata', kai kuma ka tashi ka bi shi? A can zauren in mutum ya gaishe ni na san muryarsa, na san garinsu, na san irin ciyawar da ke wurinsu. Wanga ban san ko shi wane ne ba."

Duk da haka ya amsa tambayar, saboda tunkiyar. Ya fara da sallama, ya gaida mai tambaya da iyalinsa, ya tambayi damina, sannan ya zo kan magana. Minti huɗu da rabi. Shi ne saƙo mafi amfani da aka taɓa sakawa a dandalin, kuma rabinsa ya saɓa wa dokata. Da na dawo gida na goge dokar.

Gogewar ba ta kawo jama'a ba. Shafin yana cin data fiye da zaure, kuma inda sabis ke da sanda ɗaya sai ya tsaya yana juyi. Kullum sai mutum biyu ko uku sun kira ni sun manta kalmar sirri. Masu shiga a kai a kai ba su kai ashirin ba. Sauran suna can tsohon zaure, suna tambayar tsutsar masara.

A wata na uku dala ta tashi, masara ta faɗi, rabin buhu ya doshi buhu. Muka sake zama a rumfa. Alhaji yana so a ci gaba, saboda abin da ya faɗa a kasuwa. Malam ya ce shi dai kada a koma wurin caca. Hajiya ta bari muka gama.

"Abin nan rumbu ne," ta ce. "Ku kuma kuna so mutane su kwana a ciki. Ku bar su su yi hirarsu inda suka saba. Abin da ya yi kyau a ɗauko a adana."

Haka aka yi. Na samo wani na kyauta marar talla, wanda wahalarsa duk a kaina take, na kwashe amsoshin da muka tara, har da muryoyin Baba, na jera su. Ba mai rubutu a can sai ni. In aka maimaita tambaya a zaure, Hajiya ce ke turo mahaɗin amsar, bayan ta gaida mai tambaya. Wasu suna buɗewa. Wasu su ce sun gode, su sake tambaya.

Bayan mako guda kamfanin na kuɗin ya aiko da wasiƙa cikin ladabi, yana son sanin dalilin tafiyarmu. An jera dalilai a zaɓa: tsada, wahalar amfani, samun wani wuri. Na kira Alhaji, tunda kuɗinsa ne.

"Kada ka ce tsada," ya ce. "Ka ce masu mun gode, ba mu ga laifinsu ba. Allah ya ba da kasuwa."

Babu wannan a jerin. Na zaɓi "wani dalili", na rubuta masu shi da Hausa kamar yadda ya faɗa.