Mai Waina a Bakin Titin Shika

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajara. Waɗanda suka yi karatu a Samaru a wancan lokaci wataƙila su tuna ta ko ba su san sunanta ba: tsohuwa mai waina a bakin titin da ya miƙe zuwa Shika, inda babban asibiti yake.

Tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni kunya ina budurwa. Duk sa'ad da motar asibiti ta wuce da jiniya, ko aka wuce da wani kwance a bayan a-kori-kura, sai Inna ta ajiye cokali, ta ɗaga hannu, leɓenta na motsi. Ɗalibai na tsaye suna jira, waina na ƙonewa a tanda. Rannan dai na kasa haƙuri.

"Inna, kin san mutumin nan ne?"

"Ban san shi ba."

"Ko Musulmi ne ma ba ki sani ba."

Ta ce, "Wanda nake roƙo ya san shi. Juya wainar nan."

Na juya wainar, amma ban gane ba sai bayan shekara huɗu da rasuwarta. Da rana tsaka maigidana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa da ke unguwar PZ. Aka sa shi a motar asibiti, ina riƙe da kansa, yana numfashi da ƙyar. Kafin mu fita Sabon Gari cunkoso ya tsare mu. Na so in yi addu'a, wallahi ko Fatiha ta ɓace mini. Sai na leƙa ta gilashi, na ga wata mai sayar da lemo, da gicciye a wuyanta. Ta dubi motarmu, ta ajiye wuƙa da lemon da take ferewa, ta rufe ido, ta haɗa hannuwa. Ba ta ganin mu a ciki. Nan take na tuna Inna. Kafin ta buɗe ido hanya ta buɗe, muka wuce, harshena ya sake.

Maigida ya tashi, ko da yake har yau da sanda yake tafiya. Sau uku ina komawa wurin in yi mata godiya, ban same ta ba. Ba kuma zan ce ga addu'ar da aka karɓa ba, wannan sanin na Allah ne.

Yanzu addu'a ta koma waya, a tura hoton mara lafiya, a ce kowa ya rubuta amin. Ban raina wannan ba. Amma na san da Inna ta gani za ta tambaya, "To wanda ba shi da mai ɗaukar hotonsa fa?"

Inna ba ta bar mana gadon gida ba, ba ta bar gona ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nakan dubi jama'a a kasuwa in ce, Allah kaɗai ya san nawa ne cikinsu aka taɓa ambata a gabansa ba su sani ba.

Mai karatu, ba ka san Inna ba. Shi ya sa addu'arka nake nema mata.