Fuskar da Ya Cika da Hannunsa

Yayana mai zane ne. Tun ina firamare a Dilimi, cikin Jos, nake cin karo da aikinsa a gari: allon masu aski, bayan manyan motoci, ƙofar shagon mai gyaran waya, daga baya kuma hotunan cikin littattafan yara da wata ƙaramar maɗaba'a take ba shi. Mahaifinmu bai taɓa sakin jiki da zanen mutane ba. Amma da ya ga sana'ar ba ta hana Yaya salla a kan lokaci, sai ya tsaya a kan sharaɗi guda, cewa kada a shigo masa da hoton mai rai cikin ɗaki. Saboda haka duk abin da Yaya ya iya, a titi ya zuba shi.

Yana da ƙa'ida wadda ba ya ketarewa. Ba ya ƙirƙirar fuska daga kansa. Duk wanda ka gani a bangon da ya zana mutum ne mai rai, wanda ya zauna da shi, ya nemi izininsa. Kuma ba ya sa sunansa a kan aiki sai kowane mai fuska ya zo ya tsaya, ya kalli kansa, ya ce ya yarda. Kafin nan yakan bar kusurwar dama ta ƙasa fara fat. Ina ƙarama nakan ɗauki wannan a matsayin wahalar da kai. Yanzu na san ladabi ne, kuma na san ta wannan ƙofar aka cuce shi.

Yana da aboki da suka tashi tare. A gidanmu yake cin tuwo, mahaifiyarmu tana kiransa ɗanta, ni kuma yana kirana ƙanwarsa. Zan kira shi mai cika launi, domin iyakar aikinsa ke nan. Yadda suke aiki shi ne, Yaya ya fitar da zane da gawayi, ya yanka shi gida-gida, ya ɗiga launin da ya dace a cikin kowane gida, shi kuma abokin ya bi da buroshi yana cikewa. Ba zan zalunce shi ba, hannunsa ba ya rawa, fentinsa ba ya zuba. Sai dai kullum hancinsa a jikin bango yake. Yaya ne yake tsallaka titi, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga murya ya ce a ƙara duhu a nan, a rage ja a can. Shi kuwa ban taɓa ganin ya tsallaka titi ba sai in zai sayo abinci.

Shekarar da na shiga jami'a shugabannin wata tashar mota a Laranto suka ba Yaya doguwar katangarsu. Ya zana mutanen tashar kamar yadda suke: mai shayi yana ɗaga kofi sama, mai faci ya durƙusa a kan taya, direbobi, 'yan kamasho da bakunansu a buɗe. A tsakiya ya sa wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo, wadda take sayar da shinkafa da miya a bakin ƙofar tashar tun kafin a haife shi. Kowa Mama yake kiranta. An gama aikin dab da Kirsimeti, kowa ya zo ya ga kansa ya amince, ban da Mama, domin ta tafi garinsu bikin shekara. Yaya ya bar kusurwar fara, ya ce sai ta dawo.

A cikin wannan jiran wasu baƙi suka zo daga Legas da na'urorin ɗaukar hoto, suna neman masu zanen titi. Suka tsaya a gaban katangar, suka tambayi wanda ya yi. Mai cika launi yana wurin yana wanke buroshi. Ya miƙe, ya tsoma ɗan siririn buroshi a baƙin fenti, ya durƙusa a gabansu, ya rubuta sunansa a kusurwar.

A wayar wata abokiyar ɗakina na gani. Ta miƙo mini tana cewa, "Ga ɗan garinku ya yi suna." Na kalli bidiyon har ƙarshe, na ji shi yana bayyana yadda wai yake zama da mutane kafin ya zana su. Kalmomin Yaya ne, har da inda yake ɗan tsayawa ya numfasa. Na mayar mata da wayar.

Ya zo gidanmu bayan haka, da sabuwar hula. Ina hutu, ni na shimfiɗa masa tabarma a zaure, abin da har yau yake ba ni haushi.

"Haba mutumina," in ji shi ga Yaya, "ai gurbin a buɗe yake. Baƙi suna sauri, kai kuma ba ka nan. In ce musu su jira mai shinkafa?"

"Ita nake jira," in ji Yaya.

"To ai ni da kai duk ɗaya ne. In na ci, ka ci."

Yaya ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa wanda zai zana. Ya dubi tabon da ke kan girarsa ta hagu, ya dubi wushiryarsa, ya dubi yadda idonsa yake zamewa gefe in yana magana. Sai ya miƙe ya raka shi bakin ƙofa. Ni a lokacin na ɗauka rauni ne, na kuma ji haushin yayana kusan kamar yadda na ji haushin baƙon.

Da Mama ta dawo ta ga sunan, ta tayar da tashar da faɗa. Amma faɗan bakin tasha ba ya isa Legas. Ayyuka suka koma wajen mai cika launi. Aka gayyace shi taruka, aka sa shi a gidan talabijin, ya buɗe shago a Kabong da gilashi a ƙofa. Maɗaba'ar da take ba Yaya aiki ta fara ja da baya, domin an gaya musu kwaikwayon salon wani yake yi. Wata rana a gabana wani mai shago ya tambaye shi, "Kai ne yaron mai zanen nan na Laranto?" Yaya ya ce eh, ya karɓi aikin allon, domin akwai cefane a gida. A ranar na daina amsa gaisuwar mai cika launi. Har na gama jami'a, duk lokacin da na wuce katangar sai na tsaya na karanta sunan, don kada zuciyata ta yi sanyi.

Abin da na lura shi ne, a duk shekarun nan mai cika launi bai taɓa zana fuska ba. Duwatsu yake yi, da furanni, da manyan haruffa, yana cewa ya sauya salo.

Na kammala karatu ina jiran tafiya hidimar ƙasa sai ga shi a zaurenmu. Wani attajiri ya gina bene mai shaguna a Kabong, yana son a cika masa bangon da ke fuskantar titi, kuma ya ce mutane yake so, irin na Laranto, ba furanni ba.

"Ka taimake ni, mutumina," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kamar da. Kai ka fitar, ni in cike."

"Suna fa?" Yaya ya tambaya.

"Ai ka san yadda abin yake. Ni suka sani."

"Na sani," in ji Yaya. "Zan yi."

Na dangwarar da kofin ruwan da ke hannuna a gabansu. Shi kuwa da ya ga an amince, nan take ya fara gindaya sharuɗɗa. Za a rufe bangon da tamfol daga sama har ƙasa, a ce saboda damina ne. Yaya zai riƙa zuwa bayan asuba, ya shiga ta baya, ya fita kafin titi ya cika. Ba za a ɗaga tamfol ɗin ba, ko kusurwa, sai ranar buɗewa. Yaya ya amsa duka da kai.

Bayan ya fita na ce, "Yaya, yanzu har kunyar kanka ba ka ji?"

Ya ce, "Tsakanin tamfol da bango taku nawa ne?"

"Mutum ɗaya ne zai iya tsayawa."

"To ki tanadi kayan fita unguwa."

Damina guda aka kwashe ana aikin. Yaya yana fitar da zanen hawa-hawa, yana yanka shi ƙananan gidaje fiye da yadda ya saba, yana ɗiga launi. Mai cika launi yana zuwa da hantsi, ya hau katakai, ya bi ɗigo. Ya san akwai taron jama'a a hoton, ya san akwai wani babban mutum riƙe da buroshi, har ya ji daɗi ya ce alamar sana'arsa ce. Amma ido ɗaya na wannan mutum ya fi faranti girma, kuma wanda hancinsa ke jikin bango ba ya ganin fuska, launin ƙasa kawai yake gani kusa da wani launin ƙasa. Da yamma kuma Yaya yakan tafi Laranto, ya zauna da mutanen tashar ɗaya bayan ɗaya, yana neman izininsu kamar yadda ya saba. Babu wanda ya hana, babu kuma wanda ya fitar da maganar.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a ɗaya gefen titi, aka jera kujeru. Attajirin ya zo da baƙinsa, masu ɗaukar hoto suka zo. Mutanen Laranto suka iso cike da bas, Mama a kujerar gaba da ɗaurin ɗankwalin zuwa coci. Na sa atamfata mafi kyau, na tsaya kusa da Yaya a bayan rumfa. Mai cika launi ya shiga bayan tamfol, ya sa sunansa a gurbin da aka bar masa a kusurwar dama ta ƙasa, ya fito ana tafi. Sannan, a karo na farko a sanina, ya tsallaka titi don ya kalli aiki.

Aka saki igiya.

Mutanen tashar ne a sama, mai shayi, mai faci, direbobi, duk sun daina abin da suke yi sun juyo suna kallon wuri ɗaya. Mama tana tsakiya ta miƙa ludayi tana nuni. A ƙasa, ya cika kusan rabin bangon, wani mutum ne ya durƙusa, ya waiwayo ta kan kafaɗa, idonsa ya zame gefe kamar mai sauraron takun sawu. Ga tabo a girar hagu, ga wushirya. Hannunsa ya miƙe zuwa kusurwa riƙe da siririn buroshi, kuma daidai bakin buroshin, fentin bai ko bushe ba, ga sunansa da ya rubuta yanzu-yanzu.

Tafin ya fara, ya yanke. Wani ɗan kamasho ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka.

"Oga!" Mama ta ƙwala masa kira. "Wannan karon ma ba ka jira ni ba? To na gani, na yarda. Wannan hoto ya yi kama da kai sosai. Ranar da ka yi sata, haka fuskar ka yake!"

Attajirin ya tambayi abin da ke faruwa, mai shayi ya matsa ya ba shi labarin Laranto daga farko, masu ɗaukar hoto suka juyo da na'urorinsu. Mai cika launi ya ratsa mutane ya iso inda muke.

"Kai da ba ka zana mutum sai da izininsa," ya ce. "Yaushe ka nemi nawa?"

"Kai ka cike ta gida-gida da hannunka," in ji Yaya. "Ka kuma sa hannu a ƙasa. Wane izini ya wuce wannan?"

Mai cika launi ya juya wurin attajirin, ya ce zai shafe bangon ya sake wani. Attajirin ya dubi cunkoson da ya riga ya tare titi, ana ta ɗaga waya, ya ce bangonsa ne, kuma ko ɗigo ba za a taɓa ba. Sannan ya tambayi wanda ya fitar da zanen, Mama ta nuna Yaya da jakarta.

Shugabannin tashar Laranto ba su jira kowa ba. Suka sayi farin fenti, suka shafe kusurwar katangarsu, suka aiko a kira Yaya. Ya je da tsakar rana, ya tsayar da Mama a gaban tsohon hotonta wanda rana da ruwa suka fara cinyewa, ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ya ƙara mata ƙiba amma ta yarda. Sai ya durƙusa ya rubuta sunansa.

Mahaifiyarmu ta ce tunda gaskiya ta fito a yafe, a bar wa Allah sauran. Yaya ya ce shi ya gama magana. Ni ban yafe ba. Shekarun da aka kira yayana yaron wani ba su dawo ba, littattafan da aka ba wasu su zana an riga an buga su. Shagon gilashin nan ya rufe, na ji an ce mai shi ya koma fentin gidaje a wani gari, kuma ban ji tausayinsa ba. Duk lokacin da na dawo Jos, ko hanyata ba ta biya ta Kabong ba, nakan ce wa mai keke ya bi ta gaban benen, ya rage gudu.