Na Je Neman Jirgin Baba

Mun tashi da asuba daga Fagge, ladan bai ma gama kiran farko ba, ni da ƙanwata mai saro kaya daga Dubai. Wanda ya san ni ya san ba na son fita, ko bikin maƙwabta sai an ja ni. Baba ne ya fitar da ni.

Baba ya kusa casa'in, ido ya tafi, baki yana nan. Tun muna yara yake ba mu labarin yaƙin Hitila: yana saurayi yana yi wa Turawan jirgin sama girki a Kano, wasu suka ɗauke shi a jirginsu mai jefa bom, suka bi ta Sudan har wani gari bakin teku kusa da Dubai. Kowannensu Baba ya laƙaba masa suna. Akwai Dogo mai tuƙi, akwai Mai Fito mai duba hanya, sai Ɗan Wutsiya da ke zama shi kaɗai can baya da bindiga, wanda Baba ya koya wa cin goro don kada ya yi gyangyaɗi. Ya ce jakai ke kawo musu ruwa a garwa, har wani jaki mai yankakken kunne ya taɓa cizonsa. Jikoki suka sa masa suna Baba Bom. Wata rana babban ɗana ya ce ya duba a waya bai ga komai ba, almara ce kawai. Ranar Baba bai ci tuwo ba, bai kuma sake ɗauko labarin ba. Shirun nan ne ya sa na nemi biza.

Ta Alƙahira muka bi. Duk tafiyar hannuna na riƙe da kujera, ina ta salati, ƙanwata kuwa har minshari. Da muka sauka Dubai na ga filin jirgi kamar gari guda, ko'ina gilashi, matakala na tafiya da kanta. Na ce a raina, a nan za a sami jaki?

A unguwar Naif muka sauka, wani ƙaramin otal da ke saman shagunan jakunkuna. Kai, Naif! Ka rantse Kantin Kwari ne aka ɗauko aka sa wa na'urar sanyi. Hausa ta ko'ina, sai dai an gauraya ta da yalla da khalas na Larabawa. Shayinsu mai kauri dirhami ɗaya ne, na kuwa sha har na ji kunya. Shinkafarsu doguwa ce, ba ta riƙe ciki. Kwana biyu na fara mafarkin miyar kuka. Mun hau jirgin ƙasan nan da ba direba, mun tsallaka ruwa a kwalekwale. Duk dattijon da na gani sai na sa ƙanwata ta tambaye shi tsohon filin jirgin yaƙi. Su ɗaga kafaɗa, su nuna mana shagon turare.

Wani mutumin Gana mai gyaran ɗakuna a otal ɗin ne ya ji muna mita. Da Hausarsa ta Zango ya ce, "Mma, ba Dubai za ki nema ba. Ki je Sharja, sun mai da wurin gidan tarihi."

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kwantena ba ta jiran mutum fa." Amma ita ta fara sa takalmi.

Sharja ba nisa, cunkoson mota ne ya mai da ita nesa. Muka isa wani tsohon gini fari, dogayen benaye sun kewaye shi. A ciki ga jirage nan a jere, suna ƙyalli, amma duk na fasinja ne. Babu mai bom ko ɗaya.

Balaraben da ke kula da wurin ya tambayi lambar jirgin da sunayen mutanen. Na gyara mayafi na ce Dogo, Mai Fito, Ɗan Wutsiya. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce in babu sunayensu na gaskiya ba zai iya gano su ba, amma tabbas jiragen bom sun zauna a nan lokacin yaƙi, suna fita farautar jiragen ƙarƙashin teku, wasu ba su dawo ba. Ya nuna mana titin da motoci ke gudu a waje, ya ce nan ne suke tashi.

Nan take na kira gida, na ce a kai wa Baba waya.

"Uwata, kina ina?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na gaya masa. Sai ya ce, "Ki shiga ƙofar. Tsakar gida ce, ɗakuna sun kewaye ta, ko? Bi hannun dama har kusurwa. A nan nake hura wuta."

Na bi. Makaho yana Fagge yana yi mini jagora a ƙasar Larabawa, kuma ko sau ɗaya bai kai ni bango ba. A wani ɗaki na ci karo da tsohon hoto: jakai a jere, kowane da garwa biyu. Na zauna a ƙasa na yi kukana. Ƙanwata ta ɗauki hoton a waya, ita ma tana jan hanci.

Mun dawo Kano da yamma, gida cike. Ba wanda ya kula dabino da atamfa. Na miƙa wa ɗana wayar na ce ya gaya wa kakansa abin da ya gani. Ya daɗe yana kallo.

Baba ya ce, "Mai yankakken kunnen yana ciki?"

Yaron ya ƙara girman hoton, ya matso ya durƙusa a gabansa. "Ga shi nan, Baba. Na biyu daga gaba."

"Mugu!" in ji Baba, yana dariya har da tari. "To ku zauna ku ji yadda aka yi ya cije ni."

Ban samo jirgin ba, ban san ƙarshen Ɗan Wutsiya ba. Abin da na koyo shi ne tsoho ba hujja yake nema ba, mai zama ya saurara yake nema. Ni dai na duba hoton nan ya fi a ƙirga, kunnuwan jakan duk lafiya lau na gan su. Na tashi abina na ɗora wa Baba tuwo.