Malam Nasidi Bai Kai Kaka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Agusta, 2000, Allah Ya karɓi ran Malam Nasidi Abdulrashid, mai horas da sababbin manajoji a kamfaninmu na hatsi da sufuri da ke Ƙauran Namoda, bayan gajeruwar jinya.

Malam, da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, manajojinmu suka yi ta komawa Gusau aikin gwamnati. Kai aka bar wa aikin samar da wasu daga samarin da suka fito makaranta. Ba ka yarda da jarrabawar cikin ofis kaɗai ba. Ranar kasuwar Shinkafi kakan damƙa wa yaro sito da direbobi da 'yan dako, ka koma gefe kana kallo. Mota ta lalace, ba ka tankawa. Rigima ta tashi, ba ka tashi. Da azahar ta yi, abu guda kake dubawa: shin ya zauna cin abinci kafin mutanensa su ci? Wanda ya faɗi kuwa, ba ka taɓa kunyata shi ba. Gida kake kiransa, ku ci tuwo, ka nuna masa inda ya kauce.

Sirajo, ɗaya daga cikin yaran da kake horarwa, shi ne ke hana ni sukuni. Yana da in'ina, masu kamfani suka ce ba zai iya riƙe reshen Zurmi ba, a sallame shi. Ina wurin, a matsayina na sakataren kamfani, ka ce: "Alhazai, ku bar mini wanga yaro zuwa kaka. Harshenai ne ke da nauyi, amma direbobi na jin maganatai." Suka yi dariya, suka yarda saboda kai.

Ga gero bai ko nuna ba, ka tafi. Mako mai zuwa za su zauna a kan Sirajo. Zan faɗi abin da na ji, amma ban ga abin da ka gani ba, kuma maganata ba ta da nauyin taka. A maƙabarta ya tambaye ni ko ya ci gaba da zuwa aiki. 

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Rekiya da 'ya'yanka, Jabir da Mubaraka, Allah Ya ba su haƙuri. Shi kuma Sirajo, Allah Ya tsaya masa, tun da mai tsaya masa ya kwanta dama.